Jirgi mara matuƙi: Hajar da takardarta ba ta tsallaka iyaka

A 'yan shekarun nan wata sabuwar haja ta shigo hannun matasanmu, wato ƙaramin jirgin nan mai farfela huɗu da ake sarrafawa daga ƙasa, wanda samari ke kira duron. Masu ɗaukar hoton biki ne suka fara yayinsa, sannan masu awon filaye da manyan manoma suka biyo baya, har ta kai wasu 'yan kasuwa da ke zuwa Dubai da Sin sun fara haɗo shi cikin kayan wayar salula. Mafi yawan waɗanda ake gani ƙirar kamfanin DJI ne na ƙasar Sin, kuma akwai wanda nauyinsa bai kai giram 250 ba, ana iya sa shi a aljihun babbar riga.

To sai dai abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a wurin ɗan kasuwa ne kawai wannan na'ura take haja. A wurin hukuma jirgin sama ce, kuma dokar jiragen sama ce ke hawa kanta. Ga mazauna bakin iyaka kamar Jibiya da Ɗan Isa, ko Illela da Birnin Ƙonni, ko Kamba da Gaya, lamarin ya fi tsanani, domin takardar da wata ƙasa ta bayar ba ta aiki a sararin samaniyar maƙwabciyarta.

Asalin wannan ƙa'ida tsohuwa ce. Tun a shekarar 1944 aka ƙulla yarjejeniyar zirga-zirgar jiragen sama ta duniya a birnin Cikago na Amurka, kuma sashe na 8 na yarjejeniyar ya hana duk wani jirgi mara matuƙi ratsa samaniyar wata ƙasa sai da izini na musamman daga ita ƙasar. Nijar da Najeriya da Kamaru da Chadi da Benin da Gana duk suna cikin wannan yarjejeniya. Ke nan wanda ya tayar da jirginsa a Illela don ɗaukar hoton kasuwa, iska ta kwashe shi zuwa ɓangaren Ƙonni, ya keta samaniyar wata ƙasa, ko da kuwa takardunsa na gida sun cika.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. A daren 31 ga Maris zuwa wayewar 1 ga Afrilun 2025, sojojin Aljeriya sun harbo wani jirgi mara matuƙi na sojojin Mali a kusa da garin Tinzawatan da ke kan iyaka. Aljeriya ta ce jirgin ya shigo mata, Mali ta musanta. Kafin a ce kwabo Mali da Nijar da Burkina Faso sun janye jakadunsu daga Aljeriya, sannan Aljeriya da Mali suka rufe wa juna sararin samaniya. Idan gwamnatoci sun kai ga haka a kan jirgi guda, ina ga ɗan kasuwar da aka kama da nasa a bakin shingen soja?

A Najeriya, tun watan Mayun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasar, wato NCAA, ta sanar da hana tayar da irin waɗannan jirage sai da izininta da kuma na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Wanda zai shigo da jirgin daga waje sai ya fara samun takardar shaidar wanda zai yi amfani da kaya daga wannan ofishi na tsaro, in ba haka ba jami'an kwastan na da ikon riƙe kayan. Wanda kuma zai yi sana'a da shi, ko ɗaukar hoto ko awon fili ko feshin gona, sai ya yi wa kamfaninsa rajista, jami'an tsaro su tantance shi, ya nuna cewa mai tuƙa jirgin ya sami horo, sannan hukumar ta ba shi takardar izinin gudanar da aiki. A dokokin da hukumar ta sabunta a 2023 an ware wa waɗannan jirage babi nasu na musamman.

Sauran ƙasashen ma kowace da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa. A Nijar da Benin hukumar ANAC ta kowace ƙasa ce ke kula da harkar jiragen sama, a Kamaru CCAA, a Chadi ADAC, a Gana kuwa GCAA, wadda tun 2016 ta wajabta yi wa kowane jirgi mara matuƙi rajista. Maroko ma tun 2015 ta hana shigo da shi sai da izini tun kafin kaya su iso. Saboda haka takardar biyan kuɗin kwastan, ko duwan kamar yadda ake cewa a Nijar, ba ita ce lasisin tashi ba. Wancan kuɗin shigo da kaya ne, wannan kuwa izinin shiga sama ne, kuma ofisoshinsu daban.

Dalilin da ya sa hukumomi suka ƙara matsa lamba a yankinmu ba ɓoyayye ba ne. A ƙarshen shekarar 2024 mayaƙan ISWAP sun kai wa sojojin Najeriya hari a jihar Borno da irin waɗannan ƙananan jirage na kasuwa da suka ɗaura wa abin fashewa, kuma a watan Janairun 2025 rundunar sojin da ke yaƙi a arewa maso gabashin ƙasar ta sanar da hana tayar da su ba tare da izini ba a jihohin Borno da Yobe da Adamawa. Sojan da ya hango jirgi a kansa ba shi da hanyar sanin ko na mai hoton biki ne ko na maƙiyi. Wannan ya sa masu fatauci ta Gamborun Ngala da Fotokol da Banki da Diffa ya kamata su fi kowa yin hattara.

Ko an sami lasisi, akwai ƙa'idojin tashi da kusan duk ƙasashe suka yi tarayya a kansu. Ba a wuce tsayin mita 120 daga ƙasa, domin jiragen da ke ɗauke da mutane, in ba wajen tashi da sauka ba, ba sa yin ƙasa da mita 150, an bar wannan rata ce don kada a yi karo. Dole mai tuƙi ya riƙa ganin jirginsa da idonsa. Ba a tashi a kan cincirindon jama'a, kuma ranar kasuwa cincirindo ce. Tashin dare sai da izini na daban. Ba a kusantar barikin soja, gidan gwamnati, ofishin kan iyaka ko filin jirgin sama. Mutumin da ke Kusiri a Kamaru, alal misali, kogi ne kawai tsakaninsa da Njamena, inda filin jirgin sama da sansanin sojan sama suke ba nisa da gaɓar ruwa.

Game da filin jirgi kuwa, abin da ya faru a Ingila ya isa darasi. A watan Disamban 2018 rahoton ganin jirage marasa matuƙa a filin jirgin Gatwick da ke kusa da Landan ya sa an soke ko an karkatar da tashi da sauka kusan 1,000, lamarin da ya shafi fasinjoji kimanin 140,000 ana dab da bikin Kirsimeti.

Duk da haka, sana'ar ba haramtacciya ba ce, kuma waɗanda suka bi ta ƙofa sun ci moriyarta. Kamfanin Zipline na Amurka ya fara kai jini asibitocin karkara da jirage marasa matuƙa a Ruwanda a 2016, ya shiga Gana a 2019, sannan jihar Kaduna a 2022, duk bayan ya daidaita da hukumomin jiragen sama na waɗannan ƙasashe. Shi ma ƙaramin mai sana'a da ya mallaki takardunsa, shi ne zai iya karɓar kwangilar awon gona ko ɗaukar hoton aikin hanya daga gwamnati ko manyan kamfanoni, waɗanda kan fara tambayar lasisi da inshora kafin a yi maganar farashi.

Shawara ga 'yan kasuwa ita ce, a nemi izini kafin a sayo kaya, ba bayan an tsare su a bakin iyaka ba. Mai shago ya rubuta lambar jikin kowane jirgi da sunan wanda ya saya a kan rasiɗi, ya kuma ajiye kwafi, domin ranar da aka tsinci jirgin a inda bai dace ba, daga wannan lamba bincike zai fara. Direba da ɗan kamasho kada su karɓi saƙon kwali a rufe ba su san abin da ke ciki ba. Masu dawowa ta jirgin sama su tuna cewa batirin da aka cire daga na'ura a jakar hannu ake riƙe shi, ba a cikin kayan da ake aunawa ba. Wanda kuma aka gayyata ɗaukar hoton biki a tsallaken iyaka, ya nemi izinin hukumar can tun da wuri, ko ya bar jirginsa a gida ya haɗa kai da mai lasisi na ƙasar. Kuɗin biki guda ba zai fanshi jirgin da aka ƙwace ba, balle ya fitar da mutum daga hannun jami'an tsaro.