Hadimin Cikin Salula: Wa Ke Yi Masa Magana?

A shekarar 2011 ne kamfanin Apple ya saka wata manhaja mai suna Siri a cikin wayar iPhone 4S. Aikinta shi ne mai waya ya umurce ta da baki, ta kira masa wani, ko ta tashe shi daga barci, ko ta gaya masa yanayin gari. Sauran kamfanoni ba su yarda a bar su a baya ba. Microsoft ya fito da Cortana a 2014, Amazon ya fito da Alexa a wannan shekarar, Google kuma ya kawo Google Assistant a 2016. Har aka yi ta cewa zamanin latsa haruffa ya kusa wucewa.

To, shin jama'a sun karɓi wannan hadimi? A kan kwamfuta dai kasuwarsa ba ta ci ba, domin wanda ke zaune gaban allon haruffa yatsunsa sun ishe shi, kuma ba ya son abokan aiki su ji abin da yake nema. A ƙarshe Microsoft ya janye Cortana daga Windows a 2023. Inda ya fi samun shiga shi ne a salula da cikin mota, can ma ƙananan aikace-aikace aka fi sa shi, kamar kira da saita ƙararrawa.

A gidajenmu kuwa matsalar daban ce. Mu mutanen baki ne. Tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, tsohuwa a Tasawa tana iya aika wa ɗanta da ke ci-rani a Abijan gaisuwa da saƙo ba tare da ta nemi mai rubuta mata ba. Amma Siri da Alexa suna jin Faransanci da Turanci da Larabci, ba sa jin Hausa. Ke nan ɗan boko, wanda da ma ya iya rubutu, shi ne hadimin ke amsa wa, ita kuwa uwar da ta fi kowa buƙatarsa sai ya yi mata shiru. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

An fara samun sauyi. A watan Oktoba na 2024 Google ya sanar da ƙara harsunan Afirka 15, ciki har da Hausa, a binciken murya da kuma allon rubutunsa na Gboard. Mutum zai latsa alamar makirfo, ya yi magana da Hausa, ta koma rubutu. Mai son gwadawa ya nemi wuri maras hayaniya, ya yi magana a tsanake, sannan a duba rubutun kafin a aika.

Sai dai akwai abin da ya kamata kowane magidanci da uwargida su sani. Hadimin yana kasa kunne yana jiran a ambaci sunansa, wani lokaci kuma yakan farka bisa kuskure ya naɗi hirar da ba da shi ake yi ba. A 2019 ta bayyana cewa Amazon da Google da Apple suna sa ma'aikata su saurari wani ɓangare na muryoyin da aka naɗa don gyaran manhajar. A 2025 Apple ya amince ya biya dalar Amurka miliyan 95 don kashe wata ƙara a kan Siri, ko da yake bai amsa laifi ba.

Saboda haka, ya ku iyaye, ku sa yaran gida su buɗe muku saitin wayar, su kashe sauraron sunan, ta yadda hadimin ba zai ji komai ba sai an latsa shi, su kuma goge muryoyin da aka riga aka ajiye. Sirrin gida amana ne, magana kuwa zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.