Fasalta Ma'aikata da Muƙamai a Yanar Gizo Mai Ma'ana: Misali Daga Masana'antun Kano

A shekarar 2001 ne Tim Berners-Lee da abokan aikinsa suka yayata tunanin yanar gizo mai ma'ana, wato yanar da kwamfuta za ta iya gane dangantakar da ke tsakanin bayanai. Ginshiƙin wannan tunani shi ne ontoloji. Abin nufi da ontoloji a nan shi ne ƙayyadaddun kalmomi da aka amince da ma'anarsu, tare da ƙa'idojin haɗa su. Ɗalibin nahawu ba zai sha wahala ba, domin kowane bayani ana gina shi ne da gaɓoɓi uku, tamkar aikau da aikatau da karɓau: "Wane yana aiki a majema."

A watan Janairun 2014 hukumar W3C ta amince da ontolojin ORG domin fasalta ƙungiyoyi da ma'aikatu. Idan aka dubi Kano, za a ga inda zai yi amfani. Kamfani guda na iya samun ofishi a Bompai, da sito a Sharaɗa, da majema a Challawa. ORG ya bambanta kamfanin da sassansa, ya kuma bambanta shi da wuraren da yake zaune. Haka nan Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1971, tana da rassa a Kano, kuma a nan kamfanoni ne mambobi.

Inda aikin yake da wuya shi ne wajen raba mutum da muƙami. Bahaushe ya daɗe da sanin wannan: in Galadima ya rasu, sarautar tana nan har a naɗa wani. Saboda haka ORG ya ɗauki muƙami, alal misali na manajan majema, a matsayin abu mai zaman kansa, ko da babu mai riƙe da shi. Sai kuma zama mamba, wanda shi ma aka ba shi gurbi na daban. Gurbin yana ɗaure abubuwa huɗu: mutum, da ma'aikata, da matsayin da ya riƙe, da tsawon lokacin. Ta haka mutum ɗaya zai fito a matsayin lebura na wasu shekaru, sannan shugaban sashe daga baya, ba tare da sabon bayani ya shafe tsohon ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da masana'antu da dama suka durƙushe saboda matsalar lantarki da kwararowar kayan waje. Ma'aikacin da ke neman haƙƙinsa na sallama yana buƙatar shaidar shekarun da ya yi da matsayin da ya kai. ORG ya tanadi hanyar rubuta sauyi, kamar haɗewar kamfanoni biyu, ta yadda za a bi sawun wanda ya gaji wani. Sai dai ma'aikacin wucin gadi da ake ɗauka a bakin ƙofa ba tare da takarda ba, babu ontolojin da zai nuna shi muddin ba a rubuta sunansa tun farko ba.