Tukunya Ɗaya, Kwanuka Da Yawa: Kwamfuta Guda Ga Gida Duka

A manyan gidajen cikin birnin Kano, irin na Yakasai ko Mandawari, har yanzu akwai inda ake girki a tukunya ɗaya, a zuzzuba a kwanuka, yara su kai wa kowane sashe nasa. Ba kowane ɗaki ke hura murhu ba. To, kwamfuta ma ana iya yi mata haka, kuma a gidan da ɗalibai suka kai biyar, a ganina ya fi a ce sai an saya wa kowa tasa.

Za a samo kwamfuta ɗaya mai ƙarfi, a ajiye ta a ɗaki guda. Ita ce uwa, masu sana'ar na ce mata saba. Sai a ɗora mata manhaja irin Proxmox, wadda wani kamfani na ƙasar Ostiriya ya fitar a 2008, kuma kyauta ake sauke ta. Aikinta ta kasa uwar kashi-kashi, a cikin na'ura ɗaya a sami kwamfutoci huɗu ko biyar, kowace da fayilolinta da kalmar sirrinta. A sassan gida kuwa ɗan akwati ake ajiyewa, bai fi littafi girma ba, a jona masa allo da madannai da linzami. Ɗan aike ne kawai: ka danna harafi, ya kai wa uwa, ta yi aikin, ya dawo maka da hoton. Yaro na rubutu a soro, baƙin maigida suka yi sallama, sai ya tashi ya shige ɗakin kakarsa, ya sa kalmar sirri a akwatin can, ya tarar da jimlarsa daidai inda ya tsaya.

Ni lissafin wuta ne ya fi jan hankalina. Wanda ya ga duhun Oktoban 2024, lokacin da Kano ta haura mako babu lantarki, ya san darajar kowane wat a gidan da ke kan sola da inbata. Tsohuwar kwamfutar tebur takan ja wajen wat 100, ɗan akwatin kuwa wajen 10. Uwa ce kaɗai mai ci sosai. Muddin tana kan batir, ko wuta ta ɗauke a sassa, aikin kowa na nan.

Akwatunan Dell Wyse ko HP na gwanjo sun wadatar, a tambaya a Titin Beirut. Ko tsohuwar laftof da Microsoft ya bari a baya, da ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoban 2025, za ta iya zama ɗan aike.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Katangar ƙasa mai kauri tana raunana siginar iska tsakanin uwa da akwatunan, gara a ja waya, ita kuma kada ta wuce mita 100 a zare ɗaya. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu abokan gabar uwa ne: a ɗaga ta daga ƙasa, a ba ta iska, a riƙa kakkaɓe fankarta. Kowane kashi na son ƙwaƙwalwa aƙalla gigabait 4, kuma mai tace bidiyo ba zai ji daɗin tsarin ba. Ranar da uwa ta kwanta, kowa ya kwanta, don haka a riƙa kwafe fayiloli a wani faifai daban. Hukumar JAMB ma a 2022 ta ce sababbin cibiyoyin jarrabawarta su yi amfani da laftof maimakon irin waɗannan akwatuna.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Wanda ke riƙe da makullin uwa yana iya leƙa kwanon kowa. A gidan da ke da kishiyoyi da 'yan uba, tun kafin a ja waya ta farko ya kamata maigida ya tara mutane a tsayar da wanda za a damƙa wa makullin.