Guntuwar Katanga A Banɗaki: Ƙarfinta Daga Gindi Yake

A yawancin gidajen ma'aikata da ke birane, ɗan ƙaramin ɗaki guda ne ya haɗa wurin wanka da masai. Da zarar an yi wanka sai ruwa ya fantsama ko'ina, mai kula da tsarki ya shiga kokwanto, tsoho kuma ya shiga haɗarin santsi. Abin da magidanta kan yi idan sun tashi gyara shi ne su sa a gina guntuwar katanga mai tsayin ƙafa 3 zuwa 4, wadda za ta raba wuraren biyu ba tare da ta tare hasken taga da iska ba.

Sai dai fa aikin ya wuce yadda ido ke ganinsa. Cikakken bango yana da abin da ya riƙe shi sama da ƙasa. Ita kuwa wannan katanga ba ta kai rufi ba, gefenta ɗaya kuma a sake yake. Ga shi tilas ta kasance siririya, domin wurin ba shi da yalwa. Saboda haka duk sa'ad da mutum ya dafa kanta, gindinta ne kaɗai ke ɗaukar wahalar.

A Amurka, inda aka saba gina gidaje da katako, kafintoci kan yi amfani da wanda ake kira inci 2 da 4, ko da yake ainihin awonsa inci 1½ ne da 3½. Idan aka rufe shi da allo mai kaurin rabin inci ta kowane gefe, katangar kan kai inci 4½. Mai son siririya kan juya katakon ta faɗinsa, ta dawo inci 2½, amma ƙarfinta ya ragu. Don haka sukan zarce da katakon ƙarshe har ƙarƙashin daɓe, su ɗaure shi da noti a jikin katakon da ke ɗauke da ɗakin. Dokokin gininsu kuma sun bukaci a bar aƙalla inci 15 daga tsakiyar masai zuwa katanga.

A Nijeriya katako bai dace da wannan aiki ba, saboda gara da danshi. Bulo mai inci 4 ya fi, amma ka'idar ba ta sake ba. Wajibi ne magini ya huda daɓe ya dasa rodi, ya zuba siririn ginshiƙin kankare a gefen da ke sake, ya kuma saƙa rodi cikin tsohon bango bayan kowane layi biyu. Kafin ya fara huda, sai ya tabbatar da inda bututun ruwa ya bi. A riƙa yayyafa wa ginin ruwa har kwana 7, sa'an nan a ɗan karkata samansa zuwa wurin wanka don kada ruwa ya kwanta.

Wanda ke zaune a gidan gwamnati ko na haya, ya kamata ya nemi izini a rubuce tukuna. Magini kuwa da ya ce zai ɗora bulo a kan tayil kawai don a rage kuɗi, a tuna masa cewa araha ba ta ado. Ranar da ƙafar wani ta zame, wannan katanga ce zai fara kai wa hannu.