Gaskiya da Ƙarya Game da Sauya Akwatin Sitiyari

Duk wanda ya saba zama a tashar motocin Tawa ranar Lahadi, sa'ad da motocin Afala da Barmu da Takanamat suke sauke fasinja da awaki da buhunan gero, ya san babu wani sashe na mota da ake yanke wa hukunci ba da hujja ba kamar akwatin sitiyari, wato ƙarfen da yake karɓar juyin hannun direba ya isar da shi ga ƙafafun gaba. Maganganun da ake yi a kansa wasu haƙiƙa ne, wasu batili, wasu kuma sun cuɗanya, kuma tun da rayukan bayin Allah ne suke rataye da shi, wajibi ne a tace su.

Akwatin sitiyari iri biyu ne a ƙasarmu. Corolla da Peugeot 504 da Hilux ƙirar 2005 zuwa yau suna da doguwar sanda mai haƙora, wadda makanikan Tawa suke kira kremayer. Land Cruiser samfurin 70 kuwa, wadda aka fara ƙerawa a 1984 kuma ita ce sarauniyar hanyoyin arewa, tana da akwati mai ƙwallayen ƙarfe a ciki, da hannu guda mai tura sandunan ƙafa.

Ana cewa da zarar sitiyari ya fara wasa, akwati ya mutu. Galibi wannan zato ne kawai. Tsakanin hannun direba da taya akwai gaɓoɓi da yawa, kawunan sanduna da robobi da mahaɗin sandar sitiyari, kuma su ne duwatsun Adar da gargadar hanya suke fara cinyewa. Saboda haka kafin mutum ya ci bashi domin sayen akwati, sai a ɗaga gaban motar da jak, wani ya girgiza taya hagu da dama, wani ya kwanta ya ga inda motsin yake. Wasan da bai wuce kimanin santimita 3 a bakin sitiyari ba, ƙa'idar Toyota ba ta ɗauke shi aibi ba a ƙananan motoci.

Zancen cewa ɗaure notin saman akwati yana kashe wasa, da gaskiya a cikinsa, amma da sharaɗi. Haƙoran sun fi cinyewa a tsakiya, inda mota take wuni tana tafiya miƙe, don haka wanda ya matse har wasan tsakiya ya ɓace sarai, zai tarar sitiyarin yana cijewa a kwana, ba ya komowa da kansa, kuma wannan illa ta fi ta farko haɗari.

Mas'alar da ta fi damuna ita ce ta masu rantsuwa cewa akwatin da aka taɓa kwancewa ba ya sake komawa daidai har abada, domin wannan magana ta sa direbobi da yawa suna yawo da lalataccen ƙarfe don tsoron gyara. Ƙarya ce, ko da yake na san mafarinta. Sun ga motar da aka sauya wa akwati ta fito sitiyarinta a karkace, tana cin taya gefe guda, hon ya daina kuka, sai suka ɗora laifin gaggawar mai gyara a kan ƙarfen. Alhali kuwa idan aka miƙar da ƙafafu tun farko, aka cire kan batir, aka ɗaure sitiyari don kada ya juya, aka yi alama a mahaɗin sanda, aka ƙirga juyin da aka yi wajen kwance kowane kan sanda, sannan aka tsayar da sabon akwati a tsakiyarsa kafin a haɗa, to mota za ta koma kamar yadda take. Ɗaure sitiyarin nan ba ƙaƙale ba ne: a motoci masu jakar iska akwai siririyar waya naɗe a bayansa, wadda ba ta jure fiye da juyi biyu da rabi kowane ɓangare, in ta tsinke kuwa, hon da jakar iska sun tafi tare. Bayan an gama duka, saitin ƙafafu wajibi ne, ƙirgan juyi ba ya wadatarwa.

Masu cewa mai duk mai ne, su ji tsoron Allah. Yawancin Toyota masu famfon sitiyari man giya mai sauya kanta suke sha, kuma an rubuta irinsa a murfin. Man birki yana ɓata robobin ciki, ya mai da ƙaramin yoyo babba.

Abin da tsofaffin direbobi suke faɗa, cewa ƙura ce ajalin kremayer, wannan sahihi ne ba shubuha. Robar nan mai lanƙwasa da take rufe bakin sandar, in ta yage, yashi yana shiga ya gauraya da giris ya riƙa goge haƙora kamar dutsen niƙa, ga ta kuwa da araha ƙwarai. Haka kuma gaskiya ne cewa kayan gwanjo ba duka suke shiga ba. Mu a Nijar sitiyarinmu a hagu yake, na Japan da Ingila a dama, akwatinsu ba ya hawa motarmu ko da sunan motar ɗaya ne. Kuma lokacin da aka rufe iyakar Benin a 2023 hanyar Kwatano ta toshe, mayar da kayan da bai dace ba ya ƙara wuya, don haka a je da tsohon a gwada su gefe da gefe.

Hannun akwati ko sandar da ta lanƙwashe, ba a gasa ta a miƙe, ba a yi mata walda, sauya ta ake yi. Kuma kafin mai mota ya biya lada, ya duƙa da kansa ya tabbata kowane notin kan sanda yana da fil ɗinsa na asali, ba guntuwar ƙusa ba.