Yaro Ya Ce Ba Ya Cin Nama: Yaya Za Ki Yi da Tukunya?

  

Zancenmu na yau ya taso ne daga saƙon da wata baiwar Allah ta aiko mana daga Sandamu. Ta ce ɗanta mai shekara 11 shi ya yi kiwon ragon layyarsu, shi ke ba shi dusa da harawa, shi ke ja shi inuwa in rana ta take. Ranar Babbar Sallah aka yanka ragon a gabansa. Tun daga ranar ko tsoka ɗaya bai sake kaiwa baki ba, in ma ya ji romo a miya sai ya ture kwano. Uban ya yi faɗa har ya kai ga ɗaukar bulala, kakar yaron kuma ta ce shafar iska ce, a nemo rubutu. Ita kuwa mutum 14 take dafa wa abinci ranar girkinta, ga ɗinkin hula da take taɓawa. Tambayarta ita ce: ko sai ta riƙa ɗora girki biyu?

'Yar'uwa, a'a. Girki ɗaya ya ishe ki. Amma kafin mu shiga madafa, bari mu fara da yaron.

Da farko ki tabbatar ba ciwo ba ne. Ki duba bakinsa, ko haƙori ne ke damunsa ya kasa tauna. Ki duba idonsa. In farin idon ya koma ɗorawa, fitsarinsa ya yi duhu, ko kuma duk abinci ne ya fita ransa, wannan zancen asibiti ne, ki gaya wa maigida a kai shi. In kuwa yana cin tuwonsa, yana wasansa, nama kaɗai ya ƙi, to ki kwantar da hankalinki. Ki zaunar da shi ku biyu, ba a gaban 'yan'uwansa ba, ki tambaye shi a hankali: nama kaɗai ne, ko har da romo? Kifi fa? Ƙwai da nono fa? Amsarsa ita za ta nuna miki yadda za ki yi girki.

Maganar duka kuwa, a lallashi maigida ya ajiye bulala. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. An taɓa kawo masa gasasshen damo bai ci ba, domin ransa bai kwanta da shi ba, amma Khalid bn Walid ya ci a gabansa bai hana shi ba. Don haka wanda ransa ya ƙi nama bai yi laifi ba. Abin da za ki koya wa yaro shi ne kada ya ce nama haramun ne, kada kuma ya aibata masu ci ko ya zagi layya.

To, jiki zai ginu ba nama? Ƙwarai kuwa. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, a gidajenmu na Daura da Zango da Ɓaure da Mai'aduwa, sau nawa nama ke shiga tukunya a mako? Da gero da wake da gyaɗa da nono aka raini yawancinmu. A ƙasar Indiya akwai miliyoyin mutane da ba sa cin nama tun kaka da kakanni, abincinsu shinkafa ko alkama ne da dangin wake da madara.

Abin da nama ke ba jiki mafi girma shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki. Busasshen wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, haka ma gyaɗa. Waken suya da ake awara da shi ya ma wuce kashi ɗaya cikin uku. Kuma Allah Ya yi mana baiwa, Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman irin wakenmu, Nijar da ke nan maƙwabtanmu tana biye da ita. Sirrin shi ne haɗi. Abin da hatsi ya gaza a furotin, wake na cike shi, abin da wake ya gaza, hatsi na cikewa. Shi ya sa shinkafa da wake, koko da ƙosai, dambu da dakakkiyar gyaɗa, fura da nono, duk cikakken abinci ne.

Yanzu ga dabarar tukunya. Mun saba mu dafa nama, sannan mu zuba kayan miya a kan romon. Juya tsarin kawai za ki yi. Ki tafasa namanki, ki juye shi da romonsa a kwano, ki rufe. Ki ɗauraye tukunyar, ki haɗa miyarki da albasa da tarugu da daddawa isasshiya da ɗan dakakken wake. In kuka ce ko kuɓewa, ki kaɗa ta ta ɗan yi kauri fiye da kullum, saboda romon da za ki mayar zai tsinka ta. Ki ɗebi ludayi biyu na yaro a kwanonsa, sannan ki mayar da nama da romo, ta ƙara tafasa ɗaya ki sauke. Murhu ɗaya, itace ɗaya. In kina da ƙwai ki wanke ɗaya ki jefa a ruwan tuwo ya dahu, ko ki ɗora masa awara biyu a kan tuwonsa, don kada ya ga kowa da rabo shi babu.

Sannan ki ware kwana biyu ko uku a mako da kowa zai ci abin da babu nama: ɗanwake, alala, faten wake, miyar taushe da gyaɗa, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli. Ba wanda zai ce don wane aka yi, kuɗin cefane ma sun ragu. Ki jiƙa wake tun dare, zai yi saurin nuna, ba sai kin cika kanwa ba, domin yawan kanwa na kashe wasu sinadaran abinci. Gyaɗa kuma ki tsince ta da kyau, duk wadda ta yi funfuna ko take ɗaci ki zubar, tana cutar da hanta.

In kuna da yawa a gidan, kada ki bari ranar girkin abokiyar zamanki ta zama ranar yunwar yaro. Ki same ta da daɗin baki, ki ce, "Yaya, ɗanki ne ya zo mana da sabon salo, don Allah a riƙa ɗebar masa miya kafin a sa nama." In hakan zai yi mata nauyi, ki tanadi ƙuli-ƙuli da fura a ɗaki, ga masu tallar awara da ƙosai da matan Fulani masu nono suna shigo mana har tsakar gida.

Abu biyu ne za ki sa wa ido sosai. Na farko sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Akwai shi a wake da ganye, sai dai jiki bai cika zuƙarsa da sauƙi kamar na nama ba. Abin da ke taimaka masa shi ne bitamin C, don haka ki matsa lemon tsami a kwaɗo, ki yanka ɗanyen tumatir a kan wake, ki ba shi gwaiba ko mangwaro a lokacinsu. Shayi kuma yana tare shi, a bari sai an yi kamar awa guda da cin abinci. In mace ce da ta fara al'ada, kulawar ta ninku. Na biyu bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata. Shi babu shi a hatsi ko wake ko ganye, sai a nama da kifi da ƙwai da nono. In yaro na shan nono kullum, yana cin ƙwai, to madalla. In ya ƙi su duka, lallai a ga likita ya rubuta masa na ƙwaya.

Lokaci-lokaci ki ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba, ki dubi tafin hannunsa. In sun yi fari fat, ko yana yawan gajiya da jiri, ko ya fara rama, a je a auna jininsa.

Abu na ƙarshe, kada ki ɓoye masa nama a abinci ki ce babu. Ran da ya gane, ba zai sake yarda da kwanonki ba, sai ki rasa naman ki rasa tuwon. Ki hana 'yan'uwansa yi masa tsiya. Wani yaron bayan 'yan watanni da kansa zai miƙa hannu, wani kuma haka zai girma, kuma lafiya lau. Ita kuwa kaka, ki nuna mata kwanonsa in ya sheƙe tuwo, hankalinta zai kwanta.

Baiwar Allah ta Sandamu, ki gwada dabarar nan ko da na mako biyu ne, ki aiko mana da yadda aka kwashe. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya sa albarka a tukwanenmu. Sai mun sake saduwa, ku huta lafiya.