Takunkumi a Agege: Abin da Doka Ta Ce da Abin da Aljihu Zai Iya

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da ɓullar korona a Najeriya, a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 30 ga Maris Shugaba Muhammadu Buhari ya rufe Legas da Ogun da Abuja. Da aka sassauta kullen ranar 4 ga Mayu, ana cikin azumi, sai aka gindaya sharaɗi: duk mai fita ya sa takunkumi.

Hausawan Agege da ke Legas ba mutanen zaman gida ba ne. Fataucin goro da layin dogo ne suka zaunar da kakanninsu a wurin, jikokin kuma yau su ne mahautan Oko-Oba, da 'yan acaba, da 'yan garuwa, da masu shayi, da 'yan gwarin da ke sammako zuwa kasuwar Mile 12. Kullum sai sun fita kafin a ɗora tukunya, saboda haka dokar ta hau kansu kai tsaye.

Matsalar farko ita ce bakin hukumomi bai zo ɗaya ba. Da fari Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce takunkumi na marasa lafiya ne da masu jinyarsu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta nemi a bar wa ma'aikatan asibiti irin na likitoci, jama'a su sa na ƙyalle. Sai ranar 5 ga Yuni Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci kowa ya sa a wurin cunkoso. Mai sauraren BBC Hausa da asuba, wanda ya ji wata magana dabam daga 'yan uwa a Kano ta WhatsApp, ba abin mamaki ba ne ya ce, "Su ma ba su san inda suka dosa ba." Amma akwai dalili: an gano cewa wanda bai nuna alamar ciwo ba ma yana iya yaɗa cutar, kuma a farkon annobar takunkumin ya yi ƙaranci har a asibitoci. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Matsala ta biyu, ta kuɗi, ta fi tsanani. Shuɗin takunkumin da ake sayarwa a bakin titi na sawa ɗaya ne. Ba auduga ba ne, zaren roba ne hawa uku, kuma na tsakiyar ne ke tare ɗigon yawu da majina. Da zarar gumi ya jiƙa shi, ko aka wanke shi da sabulu, ƙarfin tacewarsa ya ragu. Ƙa'idarsa: shuɗin ɓangaren a waje, a matse wayar saman a kan karan hanci, a ja shi har ƙasan haɓa, a cire shi ta igiyar kunne ba tare da taɓa gabansa ba, a jefa a kwandon shara, a wanke hannu.

To ɗan dakon da ke jiƙewa sharkaf kafin azahar, guda nawa zai saya a yini? Nan ne aka ga takunkumi ɗaya yana kwana da kwanaki a aljihu, ana zaro shi in an hango jami'an tsaro, ko a rataye shi a haɓa. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2021, mai tanadin tara ko ɗaurin wata 6, ta ƙara tsoron hukuma, amma ba ta sauya wannan lissafi ba. Takunkuman da aka yar kuwa sun bi sahun ledar fiya wata zuwa kwatoci, inda ba sa ruɓewa.

Teloli ne suka kawo mafitar da ta dace da talaka: ƙyalle ninki biyu ko uku, a mallaki guda biyu, a sa ɗaya, a wanke ɗaya a shanya a rana.

Agege na da Sarkin Hausawa, da limamai, da shugabannin mahauta da na 'yan acaba, waɗanda in sun yi magana ana ji. Duk ranar da wata annoba ta sake kunno kai, ta bakinsu ya kamata hukumomin lafiya na Legas su fara bi, da Hausa, su faɗi dalilin kowace ƙa'ida, su kuma faɗi abin da marar kuɗin sayen sabo kullum zai yi.